Kulu Ba Ta Ɓata Karatunta A Kan Birai Ba

Kulu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina ɗaura wa ƙaramin ɗana igiyar takalmi zai tafi makaranta. Waya ta yi ƙara, na ga lambar mijinta, Malam Bello. Ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba. Ya ce, "Ramatu, ƙawarki ta riga mu gidan gaskiya. Da asubar nan, a asibiti Sakkwato. Ga mu bisa hanya da ita."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa, na sake faɗa, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

An yi mata sutura bayan azahar nan Talata Mafara. Yanzu na dawo daga gidan, ko mayafi ban cire ba.

Wallahi ban yi niyyar rubuta komai yau ba. Niyyata in yi shiru in yi mata addu'a. Sai na buɗe waya na ga sanarwar da wata ɗalibarta ta sa, na ga abin da wasu suka rubuta a ƙasa. Wani ya ce, Allah ya jiƙanta, mace mai ƙwaƙwalwa amma ta ɓata karatunta a kan birai. Wani kuma ya ce, au, ita ce mai koya wa yara cewa kakanmu biri ne? Allah ya yafe mata.

Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba.

To, ku gyara zama. Ni na san ta, kuma yau sai na faɗa.

Ga wanda bai san ta ba, sunanta Malama Hauwa'u, Kulu muke ce mata. 'Yar Bakura ce. Tare muka yi sakandare, gadonmu ɗaya a ɗakin kwanan ɗalibai, ita a sama ni a ƙasa. Daga baya Allah ya sake haɗa mu aiki a kwaleji ɗaya. Ni Hausa nake koyarwa. Ita kuma ta karanci abin da Turawa ke kira antirofoloji, kalmar da ɗalibai sai sun yi tuntuɓe a tsakiyarta kafin su fita. Ma'anarsa nazarin ɗan'adam: jikinsa, zamansa, al'adunsa, da halittun da suka fi kusa da shi a ƙira.

Abin ya samo asali ne tun tana yarinya. Babanta manomi ne, idan masara ta fara ido, ita ake turawa tsaron birai, a ba ta gwangwani da sanda ta yi ta bugawa. Ta ba ni labari wata rana karnuka suka kashe wata uwar biri a bakin gonar. Jaririn ya maƙale a cikin gawar uwar, ya ƙi saki. Ta matsa kusa, sai ta ga hannunsa. Yatsu biyar, da farce, da zanen tafin hannu irin nata.

Ta ce mini, "Ramatu, tun rannan tambaya ta shiga kaina, ba ta fita ba. Wa ya ƙera hannun nan, kuma don mi ya yi kama da nawa?"

Tambayar nan ce ta kai ta jami'a. Ita ce kuma ta dawo da ita gida, alhali an ba ta aiki a manyan garuruwa ta ƙi.

Da ta fara koyarwa, sai ta lura yaran haddacewa kawai suke yi. Su rubuta Turancin daidai a jarrabawa, amma ka tambaye su me suka rubuta, sai kallon ƙasa. Abin ya dame ta. Ta ce ilimin da ba za ka iya kai wa kakarka ba, aro ne, ranar da mai shi ya zo sai ka tuɓe.

Daga nan ta ɗora mini aiki ba tare da na nema ba.

Ko ina tsakiyar tuƙin tuwo, sai waya. Ba sallama mai tsawo, sai dai, "Malamar Hausa, mi aka ce ma wanga?"

Mun yi faɗa a kan kalmomi kamar masu rabon gado. Antirofoloji ta ce a kira shi ilimin sanin ɗan'adam. Na yarda. Rigimar ta taso ne a kan rukunin halittun da masana suka haɗa birai da mutum a ciki saboda kamannin ƙira. Ni na ce a ce dangin birai. Ta ce a'a, da ka ce dangi, Bahaushe zai ji kamar ka ce masa ɗan'uwan biri, ya toshe kunne, ba zai ji sauran ba. Ta yi kwanaki tana juya abin, sai ga ta ofishina tana murmushi, ta damƙi kofin shayina ta ɗaga sama.

Ta ce, "Masu damƙa. Duk mai babban yatsa da ke iya haɗuwa da sauran yatsu ya riƙe abu. Shi ke nan."

Har yau haka ɗalibanta ke faɗa.

Ba ta yarda a ce biri kawai a wuce ba. Jan biri daban, mai gudu a fili kamar kare. Kirka daban, mai son bakin ruwa da manyan itatuwa. Bika daban, mai ƙarfi da fushi. Ta ce iyayenmu sun raba su da suna tun kafin a kawo mana littafi, mu ne muka yi sakaci muka haɗe su.

Haka a ɓangaren zaman mutane. Wasan taubasai, wasan Fulani da maƙera, kunyar ɗan fari, yadda amarya ba ta faɗin sunan uban miji. Sai ta ce wa aji, "Abin da kuke yi a gida kuna ganin ba komai ba ne, shi wasu ke ƙetare teku su zo su rubuta su zama farfesoshi. Ku buɗe ido, ku ne littafin."

Yanzu bari in zo kan maganar kakanmu biri, tunda ita ce ke bakinku.

Ina wurin. Ba labari aka ba ni ba.

Wani yaro ɗan ajinta ya koma gida ya faɗi rabin magana. Kafin sati ya zagayo, gari ya ɗauka. Aka kira taro a ofishin shugaban sashe, mahaifin yaron ya zo, dattijo ne mai mutunci, ransa a ɓace. Na bi ta don kada ta tsaya ita kaɗai.

Ta durƙusa ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida, ta tambayi gona, ta tambayi jikin tsufa. Sannan ta ce, "Baba, ka gafarce ni, ɗaga hannunka ka taɓa ƙaramin yatsa da babban yatsa."

Ya ɗaga hannu, ya taɓa.

Ta ce, "Akuya ba ta iyawa. Doki ba shi iyawa. Biri na iyawa. Wanga shi na abin da na koyar. Kuma Hausawa sun riga ni faɗi, sunka ce biri ya yi kama da mutum. Kama sunka ce, Baba, ba su ce shi ne ba."

Ya ce, "To, kakanmu fa?"

Ta ce, "Kakana Annabi Adamu, alaihis salamu, awa naka. Wanda ya ƙera hannunka shi ya ƙera na biri. In na duba aikinsa na yi mamaki, ina laifina?"

Ba zan yi muku ƙarya in ce dattijon ya gamsu ba. Bai gamsu ba. Ya cire ɗansa daga ajinta. Shugaban sashe kuma ya ja ta gefe ya ce, Malama, don a zauna lafiya, ki tsallake darasin nan mana, ba wanda zai tambaye ki.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na tsallake, na amsa laifin da ban yi ba ke nan. Yana cikin manhaja, zan koyar da shi. Da Hausa ma zan koyar, ƙofa a buɗe, duk uban da ke da shakka ya zo ya zauna ya ji da kunnensa."

Haka ta yi, kowace shekara, har ciwo ya kwantar da ita.

Suna ya bi ta, Uwar Birai. Yara su faɗa a layi su ruga. Wata safiya ta tarar an rataya mata igiya a ƙofar ofis, an tufke ta kamar wutsiya. Ni raina ya ɓaci, na ce a kai ƙara. Ita kuwa ta ciro igiyar ta shiga da ita aji, ta ɗaga ta ce, "Wanda ya yi wannan bai zo darasin jiya ba. Da ya zo, da ya san manyan masu damƙa irin su gwaggon biri ba su da wutsiya. Ku gaya masa ya gyara."

Ajin ya kwashe da dariya. Ita ma ta yi. Amma da muka koma ofis, na ga dariyar nan ta gushe daga fuskarta. Abin yana yi mata ciwo. Ba ta dai yarda su gani ba ne.

Wannan duk ƙarami ne a kan abin da zan faɗa yanzu.

Shekarun baya, kafin hanyoyi su lalace da tsoro, Kulu takan hau mashin ta tafi Faru, can ƙasar Maradun, tana bincike a kan yadda manoma da makiyaya ke zama da juna da kuma da biran da ke yi musu ɓarna. A can wata tsohuwar Bafulatana, Inna Dije, ta ba ta masauki. Tabarma ɗaya suke kwana, ƙwarya ɗaya suke sha. Inna Dije ce ta koya mata sunayen dangi da Fulatanci, ta koya mata abin da ake faɗa da abin da ake yi wa kawaici. Ɗiyata take ce mata.

Da tashin hankali ya kai yankinsu, su Inna Dije suka rasa tudun dafawa. 'Yan bindiga sun kore musu shanu, a gari kuma ana kallonsu da ido ɗaya da waɗanda suka kore shanun. Wata ranar kasuwa sai ga ta a ƙofar gidan Kulu, ita da surukarta da jikoki, ba su da komai sai ƙullin kaya a ka.

Kulu ba ta tambaye su komai ba. Ta buɗe ɗakin baƙi, ta ɗora tukunya. Malam Bello, Allah ya saka masa, ya ce wa tsohuwar, gidan naki ne.

Unguwa ta ɗauki zafi. Aka fara cewa Uwar Birai ta gama da birai, yanzu ta kwaso mana masu leƙen asiri. Wasu maƙwabta suka daina aiko yaransu ɗibar ruwa a gidan. Rannan ina can da la'asar sai ga mutane sun yi sallama, wani babban maƙwabcinsu na gaba. Malam Bello ba ya nan. Suka ce a gaya wa matar gida, baƙin nan su bar unguwa kafin Juma'a.

Na ce mata ta bari mijinta ya dawo. Ta ce a'a. Ta zura hijabi ta fita zaure, ni ina bayanta.

Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Baba Alhaji, tsohuwar da ke cikin ɗakin nan ta ciyar da ni sa'ad da ban da kowa a garinsu. Waɗanda kuke tsoro, su sunka raba ta da dukiyarta. In akwai wanda ya ga ta yi wani abu, ya faɗa yanzu, ni da kaina zan raka shi wurin hukuma. In babu, to ba inda za ta."

Wani daga baya ya ce, ai duk halinsu ɗaya.

Ta juya wajensa ta ce, "Na ƙarar da ƙuruciyata ina karatun ɗan'adam. Ban taɓa cin karo da ƙabilar da halinta ɗaya ba, har da tamu. In mutum ya zo ƙofata da jikoki a hannu na kasa gane shi, to karatun mi na yi?"

Suka watse. Ba su ba ta haƙuri ba, ba su kuma dawo ba. Juma'a ta zo ta wuce. Inna Dije na gidan har yau.

Wannan ita ce matar da kuka ce ta ɓata karatunta.

Ni kuma abin da ta yi mini ba ya lissafuwa. Lokacin da na yi ɓari, kowa na cewa sai haƙuri, Allah zai ba da wani. Ban da ita. Ta zo ta zauna a bakin gado, ta kwance mini kitso a hankali, ta sake yi mini sabo. Sai da ta gama ta ce, "Yi kukanki, ba wanda ke ƙirga miki."

Duk rani idan 'yan'uwanta suka aiko mata da albasa da tumatir daga fadama, sai ta raba biyu kafin ta shigar da nata ciki.

Idan na yi kuskure a Hausa, ni malamar Hausa, ba ta taɓa gyara mini a gaban mutane ba. Sai mun keɓe ta ce, ke, a Bakura ba haka muke cewa ba.

Ganina da ita na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne, kafin a wuce da ita Sakkwato. Ciwon hanta ya cinye ta, idonta ya yi rawaya, zoben aurenta na yawo a yatsa. Inna Dije na gefe tana yi mata fifita. Na shiga da niyyar in ƙarfafa mata zuciya, sai ni ce na fashe da kuka.

Ta ce, "Ke dai Ramatu, ba haka na ba. Share hawayenki, akwai aiki. Ɗan'adamtaka da mutuntaka, ɗaya suke ko biyu?"

Na ce, Kulu, yanzu lokacin wannan ne?

Ta ce, "In ba yanzu ba, yaushe?"

Na ce ni a ganina ɗaya suke. Ta girgiza kai a kan matashi. Ta ce, "Biyu na. Ɗan'adamtaka da ita aka haife ka, ba ka yi wahalar komai ba. Mutuntaka kuwa nemanta ake yi, kullum, kuma ana iya rasa ta. Ki gaya wa yara kada su haɗa su."

Da zan tafi ta riƙe mini hannu, riƙon ba ƙarfi. Ta ce, "In ta Allah ta kasance, ki roƙa mini gafara, ina da zunubaina awa kowa. Amma kada ki ba kowa haƙuri a kan aikina. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

Shi ya sa kuke ganin wannan rubutun.

Yau a gidan, Inna Dije na cikin waɗanda suka yi mata wanka. Da aka fito da ita, tsohuwar ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna jikin bango ta lulluɓe fuska, jikinta kaɗai ke girgiza. Ɗalibanta mata sun cika tsakar gida har ba wurin taka ƙafa, na maza kuma an ce mini sun yi ta karɓe-karɓen makara har maƙabarta. Baba Alhaji, wanda ya jagoranci zuwa zaure rannan, shi ya aiko da tabarmi da runfa. Ban san abin da ke ransa ba. Allah ya sani, kuma ina yi masa kyakkyawan zato.

Ina zaune sai na ji wata mata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita, wai Allah dai ya sa ta tuba daga abin nan da take koyarwa. Na buɗe baki ke nan, Inna Dije ta riga ni. Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Baiwar Allah, ni na wanke ta. In kina da tambaya a kanta, ni za ki yi ma."

Matar ta kawar da kai.

Don haka ku ji da kyau. Ba zan ba kowa haƙuri ba. Ban ce dole ku yarda da duk abin da ta koyar ba. Ni kaina mun sha saɓawa. Amma wanda bai taɓa zama ajinta ba, bai taɓa tambayarta ba tana da rai, alhali ƙofarta a buɗe take, ba shi da bakin yanke mata hukunci yau da ba ta iya amsawa. Ba jarunta ba ce ka yi wa gawa gardama.

Darasinta kuma ba zai mutu da ita ba. Akwai ɗalibanta da suka zama malamai a Bakura da Maradun da Ruwan Gizo, wasunsu mun yi magana a gidan yau. Kalmomin da muka yi ta faɗa a kansu suna bakinsu. Za su ci gaba da koyar da su da Hausa. Ni ma abin da na riƙe zan ba duk mai so. Wanda abin ya ɓata wa rai, ya zo mu zauna, a yi gaisuwa, a yi magana ido da ido kamar yadda ita take yi.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa'u ta zo gare ka. Ka san ta fiye da yadda muka san ta. Ka gafarta mata abin da ta yi kuskure, ka karɓi abin da ta yi daidai, ka ninka mata. Ka yalwata kabarinta, ka sanya haske a cikinsa, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Yadda ta buɗe wa baƙo ƙofa ranar da kowa ya rufe, ka buɗe mata ƙofar Aljanna Firdausi. Ka ba Malam Bello da 'ya'yanta da Inna Dije haƙurin rashinta. Ka kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan tamu, na gari da na daji.

Ku kuma da kuka karanta har nan, wanda ya san ta da wanda bai san ta ba, ina roƙonku abu ɗaya. In kun idar da sallar magariba, kafin ku naɗe darduma, ku ɗaga hannu ku sa Kulu a ciki.

Tana da rai ba ta taɓa roƙon kowa komai ba. Yau ni ce ke roƙa mata.